Takalmin zamiya ya hana yarona zaman tahiya: a bar shi ya saba ko a karɓe?

Maman Khalifa (Agege): Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu sani ku ba ni shawara. Da hutun babbar Sallah muka kai yara wani wurin wasa a can tsibirin Legas, irin inda ake sa takalmi mai ƙarfe a ƙasa ana zamiya kamar a kan ƙanƙara. Ni ma rawar kai ta ɗebe ni na karɓi na haya na sa. Wallahi ban yi minti goma ba tafin ƙafata ya ɗauki zugi, nan tsakiya inda yake da rami, kamar ana murɗa tsumma. Na lallaɓa na kama ƙarfen gefe na fito na zauna. Ina cirewa ba a jima ba ya lafa. To ni tawa ta wuce, ba komawa zan yi ba.

Khalifa ne damuwata. Shekararsa 11. Tun ranar ya hana mu sakat, sai da babansa ya je kasuwar Katangowa ya samo masa na gwanjo mai taya, tunda shi ne za a iya yi a unguwa. Yau sati uku ke nan, ana tashi daga Islamiyya yana kan layi da shi. Yanzu ga bororo a dunduniya biyu, ga wani kumburi a gaban ƙafar dama, daidai inda take lanƙwasawa, inda igiya ke bi. Jiya da magariba na lura ba ya iya zaman tahiya, sai ya karkace ya miƙe ƙafar gefe. Na tambaye shi, ya ce in ya kwantar da bayan ƙafar a ƙasa ji yake kamar ana ja masa jijiya. Babansa ya ce rashin sabo ne, a bar shi. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

Ɗan Mile 12: Wa alaikumus salam Hajiya. Maigida ya fi ki gaskiya. Ko sabon takalmin Sallah ai sai ya ci mutum kwana biyu kafin su saba da ƙafa. A gasa masa da ruwan zafi, a shafa man zafi, gobe ya koma. Namiji ne fa. Mu nan tun asuba muke tsaye a kan ƙafa har la'asar, wa ya taɓa kai mu asibiti?

Kawu Obalende: Ni tambayata ɗaya ce. Me ya kai Bahaushe zamiya a ƙanƙara a Ikko? Garin da ruwan sanyi ma sai an yi sa'ar wuta.

Maman Khalifa (Agege): Kawu ai ba ma ƙanƙarar gaske ba ce. Na duƙa na taɓa da hannuna, wani farin falle ne kamar roba mai santsi, an jera shi kamar tayil. Ko sanyi babu.

Kawu Obalende: Au, kuɗin ƙanƙara aka karɓa aka ba ku roba. Allah ya kyauta.

Bakano a Ottawa: Kawu a yi mana afuwa, mu da muke cikin ƙanƙarar gaske bari mu ce wani abu. Na yi shekara takwas a Agege kafin karatu ya kawo ni Kanada, don haka ni ma ɗan gida ne. A nan Ottawa akwai wata magudanar ruwa da ake kira Rideau, in hunturu ya kankama sai ta daskare a share ta, mutane su yi ta zamiya a kai. Tsawon wurin da ake zamiyar kilomita 7.8 ne, har da masu tafiya wurin aiki a kanta da jakarsu a baya. Ranar da na fara gwadawa abin da ya sami Maman Khalifa shi ya same ni, na zauna a benci ina tunanin ko wani abu ya tsinke a ƙafar.

Ga abin da ke faruwa, Hajiya. Duk nauyinki yana kan ƙarfen da kaurinsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Jiki yana tsoron faɗuwa, sai yatsun ƙafa su dunƙule a cikin takalmin ba ki sani ba, kamar tsuntsu ya kama wayar lantarki. Ƙananan naman da ke ƙarƙashin tafin ƙafa ba su saba da wannan riƙon ba, minti kaɗan sun gaji sun ɗaure. Ga shi takalmin haya ƙafa ɗari ta shiga ta fita, ya saki, ba ya riƙe idon sawu. Robar nan kuma da kika taka ta fi ƙanƙara riƙe ƙarfe, sai kin ƙara ƙarfi wajen turawa. Shi ya sa kina cirewa ya lafa. Naki mai sauƙi ne. Na yaron ne nake ganin wani abu daban.

Mai Taya (Surulere): Anti ina wuni. Ni shekarata shida ina hawa taya, yawanci a harabar babban filin wasa na Surulere muke haɗuwa. Kafin a ce komai, tambaya ɗaya: takalmin makarantarsa lamba nawa ne, na tayar kuma lamba nawa?

Maman Khalifa (Agege): 37 yake sawa. Na tayar 40 ne, babansa ya ce gara ya girma ya tarar. Safa biyu yake haɗawa, na ƙwallo masu kauri, sannan na cusa masa ɗan tsumma a gaba.

Mai Taya (Surulere): Tab. An zo wurin. Anti ba sai an je ko'ina ba, ciwon nan daga Katangowa aka sayo shi.

Ki duba yadda abin yake tafiya. Takalmi ya yi yawa, duk turawar da zai yi sai dunduniya ta ɗaga ta sauka, ta ɗaga ta sauka, tana gogar bayan takalmin. Ga bororonki nan. Shi kuma yaro ya ji ƙafa tana yawo a ciki, me zai yi? Sai ya ja igiya iya ƙarfinsa don ta tsaya. Igiyar ta danne harshen takalmin, harshen ya danne jijiyar da ke gaban ƙafa, kuma duk lanƙwasawa sai ta gogu a wurin. Mu a fili cewa muke igiya ta cije shi. Na taɓa yi, sati biyu ko silifas mai maɗauri ban iya sawa ba. Safa biyun ma ƙara ɓata lamarin suke, don suna zamewa a kan juna, ga gumi. Safa ɗaya siririya ake sawa, wadda ta wuce bakin takalmin.

Ɗan Mile 12: Kai yaro, daga ji ba ka fara sayen takalmin 'ya'ya ba. Wa zai sayi takalmi cif-cif da ƙafar ɗan shekara 11 a wannan tsadar? Wata shida ya matse shi, a sake komawa kasuwa? Mu haka iyayenmu suka yi mana, riga har gwiwa, takalmi a cusa takarda, kuma ga mu mun girma lafiya.

Mai Taya (Surulere): Alhaji ban ƙi ta taka ba, amma takalmin Idi daban, wannan daban. Na Idi tafiya za ka yi da shi zuwa masallaci ka dawo. Wannan kuwa shi ne sitiyarinka, shi ne birkinka. Za ka hau babur da kansa ke girgiɗi don kawai ya yi araha?

Ɗan Mile 12: Da kuwa mun hau, kafin a hana mu a 2022.

Hajiya Alaba Rago: Ku bar gardama, yaro na ciwo. Maman Khalifa, akwai wani dattijo mai ɗori a nan wajenmu, hannunsa na da albarka. Ki kawo shi ya ja ƙafar, wataƙila targaɗe ne ya kwana a ciki.

Bakano a Ottawa: Alhaji na Mile 12, maganarka ta tsada gaskiya ce, har nan Turawa na kuka da ita, shi ya sa kasuwar takalmin zamiya na hannu take ci sosai a nan, yaro ya girma a kai a musanya. Amma a nan in ka je sayen na ƙanƙara, musamman irin na 'yan wasan hoki, yawanci ƙasa da lambar takalminka za a ba ka, da lamba ɗaya ko ɗaya da rabi. Ni da na ce a ba ni lambata sai mai shagon ya yi murmushi ya zaunar da ni ya auna. Ƙa'idarsu ita ce in ka miƙe tsaye yatsunka su ɗan shafi gaban takalmin, in ka lanƙwasa gwiwa su ja baya kaɗan. To ka ga nisan da ke tsakanin wannan da ƙarin lamba uku.

Baduku Idi-Araba: Salamu alaikum. Sana'ata ce aka taɓo, shekara ashirin da wani abu ina gyaran takalmi a garin nan. Takalmin da ya matse a wuri ɗaya ina iya buɗa shi, in fata ce in jiƙa wurin in sa itace ya kwana. Wanda ya yi yawa kuwa ba ni da maganinsa, duk wanda ya ce miki zai rage shi kuɗinki kawai zai ci. Tsumma a gaba cika wuri yake yi, ba ya riƙe dunduniya.

Kuma ku masu sayen gwanjo ku riƙa dubawa. Irin wannan takalmin yana ɗaukar siffar ƙafar mai shi na farko. Ki zura hannu ciki ki shafa wajen dunduniya, in soson ya cinye kin ji roba tsirara, ki ajiye. Ki kama wuyansa ki matsa, in ya lanƙwashe kamar silifas ya mutu. Sannan dabarar da ba ta cin ko sisi: ki zaro shimfiɗar cikin, ki ajiye a ƙasa, yaro ya taka a tsaye. Abin da zai rage a gaban babban yatsa kada ya wuce faɗin yatsan hannu ɗaya. Ki duba gefe ma, in ƙafar ta zubo ta wuce shimfiɗar to ya yi masa siriri. Yaranmu da suka tashi da silifas ƙafarsu na da faɗi, takalman nan kuwa da yawa an yi su ne don siririyar ƙafa. Da yamma ake gwaji, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura.

Maman Khalifa (Agege): Malam na gode, yanzu na zaro na gwada. Yatsuna uku suka shiga a gaba, har da saura.

Kawu Obalende: Ai da ke da shi za ku iya shiga tare.

Anti mai gashin ƙashi: Ku yi haƙuri sai yanzu na taso daga aiki, gosulon Ikorodu Road ya riƙe ni. Na karanta tun daga sama. Aikina ke nan, gashin ƙashi, kuma ba ganin yaron na yi ba, don haka abin da zan faɗa shawara ce a kan abin da mamansa ta bayyana.

Zan fara da Alhaji na Mile 12, don akwai inda ya yi gaskiya. Akwai ciwon da sabo ke maganinsa. Ƙafa ɗaya tana da ƙashi 26 da gaɓa 33, da nama ƙanana birjik da ba ma sa su aiki sosai a tafiyar yau da kullum. In aka ɗora musu sabon aiki za su yi tsami. Alamarsa ita ce ciwon a baje yake, ba za ka iya nuna shi da yatsa ɗaya ba, kana cire takalmi ya lafa, kuma kowane mako yana raguwa. Irin na Maman Khalifa ke nan. Wannan a yi minti goma a huta, a kwance igiya a motsa yatsu, a koma.

Na Khalifa ba shi ba ne. Ciwon da ya tsaya a wuri ɗaya, ya kumbura, ya bi yaro har kan sallaya bayan an cire takalmi, kuma yana ƙaruwa, ba a yi masa dauriya. Akwai jijiya da ta taso daga naman ƙwauri ta bi ta gaban idon sawu, ita ke ɗaga ƙafa sama. Ku ɗaga yatsunku sama yanzu ku taɓa wurin, za ku ji ta miƙe kamar igiyar guga. Tana kusa da fata sosai, babu kitsen da zai kare ta. Ita igiyar takalmin ta yi ta dannewa har ta kumbura. A zaman tahiya kuma ana shimfiɗa bayan ƙafa a ƙasa a ja ta, a ɗora nauyi, dole ya karkace. Mai Taya ya faɗi daidai.

Abin da za ki yi: ki ɗauke takalmin ki ɓoye, ba na kwana biyu ba, sai ya iya zaman tahiya ba tare da ya yamutsa fuska ba. Sau da yawa sati ɗaya zuwa biyu ne, in an ci gaba da hawa a kai kuwa yana iya jan watanni. Ki sa fiya wata a firiza ta daskare, ki naɗe da ɗankwali, ki ɗora a wurin minti 15, sau biyu ko uku a rana. Kada ki ɗora ƙanƙara kai tsaye a fata.

Kawu Obalende: Ashe dai ƙanƙarar gasken za a koma nema.

Ɗan Mile 12: To Anti ruwan zafin fa? Tun kakanni da shi ake gashi. Ke ma ai sunan aikinki gashi.

Anti mai gashin ƙashi: Alhaji ka kama ni. Muna amfani da zafi, amma ga naman da ya ɗaure ko tsohon ciwo. Wurin da yake a kumbure yana ɗumi, zafi ƙara tara masa jini yake, a wayi gari ya fi jiya. Ga mulmula shi da ƙarfi da ake yi, jijiyar da ta riga ta fusata a ƙara murza ta. Man zafi kuma kada ya kusanci bororon da ya fashe. Shi bororon a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, kada a yage fatar saman, a rufe da filasta. In kin ga ruwan ƙwai, ko ja yana yaɗuwa, ko zazzaɓi, a tafi asibiti ranar.

Sai maganar magani, don na san halinmu, yanzu a aika kemis a ce a haɗo na ciwon jiki. In ciwon ya dame shi farasitamol ya isa, daidai nauyinsa. Ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin. Manya masu shan ibuprofen da diclofenac kamar gyaɗa, musamman masu olsa ko ciwon ƙoda, ku ji tsoron Allah ku ji tsoron cikinku. Kuma kada a ba yaro magani don ya samu ya koma kan taya, wannan kashe ƙararrawa ne a bar gobara tana ci.

Hajiya Alaba Rago: Ni dai har yanzu ina kan bakata. Ɗan ƙanwata ya faɗo daga mota, dattijon nan ne ya gyara shi, yau yana buga ƙwallo. Ku 'yan asibiti komai namu sai ku kushe.

Anti mai gashin ƙashi: Hajiya Allah ya bar girma, ban kushe ba, ni ma a gidanmu an yi min ɗori ina ƙarama. Amma mai ɗori ƙashi yake gyarawa, nan kuwa ba a faɗi ba, ba a gurɗe ba, babu abin da za a ja ya koma wurinsa. Ko da faɗuwa aka yi, roƙona a fara ɗaukar hoto. Ga asibitin ƙashi na Igbobi nan kusa, kamar yadda muke da Dala a Kano. Abin da ke ba mu tsoro ɗaurin da ake tamkewa a kan kumburi har jini ya daina zagayawa, mun ga yaran da aka kawo a makare.

Bakano, garinku ma yana cikin littafinmu. Akwai ƙa'idar da likitocin Ottawa suka fitar a 1992 don gane wanda ke buƙatar hoto bayan ya gurɗe. A taƙaice, in mutum ya kasa yin taku huɗu a kan ƙafar, ko an danna ƙashin idon sawu ta bayansa ya yi ƙara, ko ƙashin gefen ƙafa da ke layin ƙaramin yatsa, to a ɗauki hoto.

Bakano a Ottawa: Ikon Allah, ina zaune a garin ban sani ba. Ba mamaki, in hunturu ya shiga kowa a nan sai ya sha ƙasa.

Bari in ƙara da ɗaurin igiya, don ni shi ya raba ni da ciwon tafin ƙafa. Da nakan ja tun daga ƙasa har sama da ƙarfi ɗaya, kamar ina ɗaure buhun gero. Wani dattijo Bature da muke haɗuwa a wurin ya ga ina cije baki, ya durƙusa ya kwance min ya sake ɗaurawa. Wajen yatsu ya bar shi sakwa-sakwa yadda za su iya motsi. A tsakiya, kan tudun ƙafa, ya ja daidai kawai, ya ce nan ne in ka matse sai tafin ya baje, jini ya tsaya, yatsu su mutu. Sai a lanƙwasar idon sawu ya ja sosai don dunduniya ta zauna daram. Can sama kuma ya ɗan sassauta yadda gwiwa za ta iya zuwa gaba. Kafin ya fara ma sai da ya sa na buga dunduniyar takalmin a ƙasa don ƙafar ta koma baya. Kuma ya hana ni zagaya ragowar igiya a wuyan takalmi, abin da na ga kusan duk sabon shiga yana yi.

Mai Taya (Surulere): Yaya duk na yarda ban da sassauta sama. Wannan na ƙanƙara ne, ƙasa sumul. Mu nan kwalta ce da ramuka da tsakuwa, in maɗaurin sama bai kama ba ƙafa za ta kwanta ciki, sabon shiga ya gurɗe. Yaro kamar Khalifa gara saman ya kama, yatsa ɗaya dai ya iya shiga.

Bakano a Ottawa: Na sallama, ka fi ni sanin titin Legas na yanzu.

Mai Taya (Surulere): Sannan in ya warke zai koma, a tsallake ramin igiya ɗaya ko biyu daidai inda ya kumbura, igiyar ta bi ta gefe ta haye. Ni har yau haka nake ɗaura ta dama.

Baduku Idi-Araba: A ƙara da soso. Ina yanka soso mai laushi in manna a cikin harshen, amma in raba shi biyu in bar hanya a tsakiya, jijiyar ta kwanta a hanyar. Mai ciwon ƙashin idon sawu kuma in yanka masa kamar zobe, ƙashin ya zauna a ramin. Kuskuren mutane su ɗora soson a kan ciwon, ai ƙara matsi ka yi.

Amaryar Apapa: Ni na gani a TikTok ana sa takalmin a oven ya yi laushi sannan a sa ƙafa. Ba sai a yi masa haka ba?

Bakano a Ottawa: Ana yi, amma a shago, da na'urarsu, zafin wajen digiri 80, kuma sai takalmin da aka ƙera don haka. Gyara matsi yake yi, ba ya mayar da 40 ta koma 37.

Baduku Idi-Araba: Amarya rufa mana asiri. An taɓa kawo min ɗaya da aka kanga a bakin risho, gefensa ya narke ya koma kamar ƙosai. Mai shi na tambayata ko da gyara.

Kawu Obalende: Duk kun yi ta ƙafa, ba wanda ya yi ta rai. Shekaranjiya a Ojuelegba na ga yaro da takalmin nan ya kama bayan danfo tana gudu, direba bai ma san da shi ba. Wannan in ya faɗi ba bororo za a yi jinya ba. Maman Khalifa ki sa ido, daga layi ake farawa.

Mai Taya (Surulere): Kawu wannan gaskiya ne, mu ma suna ɓata mana suna. Kuma yawanci ko hular kwano ba su da ita. Anti in za a sake saye, a haɗa da hula da na gwiwa da na wuyan hannu, don mai faɗuwa hannu yake fara kaiwa ƙasa.

Ɗan Mile 12: Kun ga, an fara da takalmi ɗaya yanzu an kai ga hula da na gwiwa. Maigida zai gode muku.

Anti mai gashin ƙashi: Abu ɗaya na manta. Maman Khalifa, ki kama dunduniyarsa ki matsa gefe da gefe, ba wajen bororon ba. Yara tsakanin shekara 8 zuwa 14 ƙashin dunduniyarsu bai gama haɗewa ba, agara tana jan wurin, masu yawan guje-guje sukan yi ciwo a nan. In ya yi ƙara ki gaya min. Kuma manya da ke karantawa, mai ciwon suga kada ya sa matsattsen takalmi irin wannan sai ya yi shawara da likitansa, don yana iya jin rauni bai ji zafinsa ba.

Ke kuma da kika ce ba za ki koma ba, ko don tsayuwar kicin ki riƙa yin wannan: ki shimfiɗa tawul a ƙasa ki riƙa tattaro shi da yatsun ƙafa, ki dafa bango ki yi ɗage ki sauka sau goma, ki mirgina kwalbar ruwa mai sanyi a ƙarƙashin tafin. In kuma kin fara jin dunduniya na sukarki a takun farko da asuba, wannan wani ciwon ne, ki zo a duba.

Maman Khalifa (Agege): Na matsa, ya ce babu zafi a nan. Takalmin na saman wadirof. Yana ta kumbure-kumbure, ya ƙi cin tuwo. Saura in san yadda zan yi da babansa.

Hajiya Alaba Rago: Ki bari sai ya ci abinci ya sha ruwa. Kuma kada ki ce a gurup aka ce ya yi kuskure.

Maman Khalifa (Agege): Salamu alaikum, na dawo da bayani, yau kwana goma sha biyu. Kumburin ya sauka tun kwana na shida, bororon ya bushe, jiya ya yi tahiyarsa daidai har ina leƙensa ta gefen ido. Babansa da fari ya ce 'yan waya sun zuga ni. Ban ce komai ba, na zaro shimfiɗar na ajiye a tsakar ɗaki na ce Khalifa ya taka. Ya daɗe yana kallon abin da ya rage a gaba, sai ya ce to ai mai kayan ne ya ce masa haka ake saye. Ranar Talata ya biya kasuwar Aswani bai samu ba, sai jiya wani abokinsa ya samo masa irin mai maɓalli a gefe, wanda ake jan gabansa yana ƙara tsawo, an rubuta 35 zuwa 38. Mun tsayar da shi a 37, safa ɗaya, na tsallake rami biyu kamar yadda Mai Taya ya ce. Minti ashirin na ba shi yau, na cire na duba, wurin bai yi ja ba.

Ɗan Mile 12: To ai ga shi an dawo maganata, ya girma ya tarar ɗin dai aka saya.

Mai Taya (Surulere): Alhaji lamba ɗaya ce ta rage masa a ciki, kuma takalmin ne zai biyo ƙafar.

Ɗan Mile 12: Duk ɗaya. Hajiya, 40 ɗin yana nan? Babban yarona 40 yake sawa cif, kuma tun da ya ga ina karanta hirar nan ya dame ni.

Maman Khalifa (Agege): Yana nan Alhaji. Ka turo shi Agege ranar Asabar da yamma, ya zo da siririyar safa, a zaro shimfiɗar ya taka tukuna.